Masu Shiga Tsakanin Iyaye da 'Ya'ya a Garin Gombe, Jiya da Yau

Duk wanda ya tsaya ya yi nazarin yadda mutanen ƙasar Gombe suka saba kashe wutar rikicin cikin gida, ko tsakanin miji da matarsa, ko tsakanin uba da ɗansa, ko tsakanin uwa da 'yarta da ta soma tasawa, zai iske wani abu guda wanda bai taɓa sauyawa ba duk da juyin mulki da na neman abinci da aka sha yi cikin shekara fiye da 200, shi ne cewa waɗanda al'amarin ya shafa ba safai sukan zauna ido da ido su faɗa wa juna abin da ke cin ransu ba, sai dai a nemo wani na uku ya ɗauki maganar wannan ya isar da ita ga wancan. Abin da zamani ya yi ta sauyawa shi ne ko wane ne wannan na ukun, da kuma tazarar da ke tsakaninsa da gidan da ake rikicin, har ga shi yau ya zama murya a cikin wayar hannu, wadda mai yiwuwa ne mai ita bai taɓa taka ƙasar Gombe ba.

Shi kansa garin ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Modibbo Buba Yero, wanda ya yi karatu a gaban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kuma karɓi tuta a jihadin da aka fara a 1804, ya kafa mazauninsa ne a Gombe Abba, can wajen Dukku kusa da kogin Gongola, a nan kuwa sarauta ta zauna har Turawa suka iso, aka yi yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. A 1913 aka mai da mazaunin mulki Nafada, a 1919 kuma, zamanin Sarkin Gombe Umaru Kwairanga, aka sake tasowa zuwa Doma, wadda ita ce Gomben da muka sani yau. Gari ne, ke nan, wanda kusan kowane gida a cikinsa yana iya faɗin inda ya taso, wannan kuwa yana da nasaba da maganarmu ƙwarai, domin mutum yana iya ƙaura da dukiyarsa da sana'arsa, amma da wuya ya ƙaura da dukan danginsa.

A tsohon tsari, na Fulani da na Hausawa duka, kunya ce ta shiga tsakanin iyaye da 'ya'yansu, ita ce kuma ta wajabta a sami waɗanda za su riƙa kai magana. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, galibi ma da an yaye shi sai kakarsa ko goggonsa ta ɗauke shi riƙo. Uba kuwa, musamman a gidajen Fulani inda ake ƙidaya kunya da haƙuri da hankali cikin ginshiƙan pulaku, ba ya zaman hira da ɗansa baligi, ɗan ma ba ya cin abinci a gabansa, balle har ya buɗi baki ya ce abu kaza da aka yi masa ya ɓata masa rai. Baƙon da bai san al'adar ba sai ya zaci ƙiyayya ce, alhali kuwa al'adar da ta rufe wannan ƙofa ita ce ta buɗe waɗansu da gangan. Akwai kaka, wadda tsakaninta da jikanta wasa ne, har takan kira shi mijinta, shi kuma ya tsokane ta da maganar da in ya yi wa uwarsa sai a ce ba shi da tarbiyya; cikin wannan raha ne take jin abin da ke damunsa tun kafin kowa ya ji. Akwai kawu, ɗan'uwan uwa, wanda gidansa ne mafakar yaron da ya yi ɓarna ya tsere wa bulala, ya kwana biyu har zuciyar uba ta huce. Akwai baffa, wanda yake da ikon uba ba tare da nauyin kunyarsa ba, shi ake gaya wa cewa yaro ya ga wadda yake so, shi ne kuma zai jagoranci neman aure. Bisa dukansu kuwa akwai goggo, 'yar'uwar uba, wadda ita kaɗai ce cikin mata ke iya shiga turakar maigida ta zauna ta ce, "Yaya, yarinyar nan fa ba ta son wanda ka ba ta, kada ka jawo mana abin da za mu zo muna kuka," ya kuwa saurara ko da ransa bai so ba.

Ma'aurata su ma an yi musu tasu hanyar. Matar da abin ya ishe ta takan yi yaji, ta saɓi goyonta ta tafi gidan iyayenta ko na waliyyinta, tafiyar nan kuwa ba kashe aure ba ce, shela ce ga dangi biyu cewa akwai maganar da ya kamata a zauna a kanta. Shi kuma miji wajibi ne ya yi biko, ya aiki dattawan gidansu ko amininsa, a haɗu a zaure a ji ta bakin kowa, in shi ne da laifi a yi masa faɗa a gaban surukansa, ya haɗa da zane ko turare na ban haƙuri, in kuwa ita ce, uwarta da goggonninta su shige da ita ɗaki su yi mata tasu nasihar. Littafin nan na Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, ya isa shaida cewa macen wancan zamani ba ta rasa wadda za ta kai wa kuka, daga ƙawa ta amana har uwar riƙo.

In al'amari ya gagari dangi sai a nufi malami, a nan ne kuma al'ada take haɗuwa da shari'a. Limamin unguwa shi ya ɗaura auren, shi ya raɗa wa yaran suna, wataƙila ma a makarantar allonsa mijin ya yi karatu, saboda haka ba a bukatar a ba shi tarihin gidan. Yakan yi nasiha, ya yi wa yaro mai ƙiriniya tofi ko rubutun sha, in ya ga da taurin kai ya tura su ga mai unguwa, daga nan sai gaban alƙali. Shi kuma alƙali ba da ka yake aiki ba. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nisa'i, ya yi umarni cewa in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tashi mai sulhu guda daga dangin miji, guda daga dangin mata, malaman Malikiyya kuwa sun ba waɗannan biyun iko mai faɗi, har na raba auren in sun tabbata gyara ba zai yiwu ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibnu Asim wadda alƙalan Arewa suka fi riƙewa a hannu, duk sun yi bayanin haƙƙin yaro in iyaye sun rabu: renonsa yana hannun uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, in uwa ta sami uzuri ya koma ga kakarsa ta wajen uwa, ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba. Ƙa'idar da ta fi kowace girma a wannan majalisa ita ce ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin ɓangare biyu.

Kada dai son jiya ya rufe mana ido. Wannan tsari, duk da hikimarsa, an gina shi ne don ya tsare gidan, ba lalle don ya tsare wanda aka zalunta a cikin gidan ba, shi ya sa sau da yawa zaman sulhu yakan ƙare da "ki yi haƙuri, aure ibada ne," ko da matar ta zo da tabon duka a jikinta. Yaro kuwa ba ya cikin majalisa, sai dai a yi magana a kansa yana bayan ɗaki. Ga kuma rashin sutura, domin maganar da ta shiga kunnen goggo da safe tana iya kai wa gidan biki kafin la'asar. Matar da ta haihu ta shiga ƙunci, ba ta barci, ba ta son ganin jaririnta, sai a ce iskoki ne suka taɓa ta; saurayin da ya daina magana ya ƙaurace wa mutane, sai a ce sammu ne.

Abin da ya fara sassauta wannan tsari shi ne auduga. Turawan kamfanin BCGA sun kafa injin gurzar auduga a Gombe a 1956, har yau kuwa akwai unguwar da ake kira da sunansu. Jirgin ƙasa ya iso a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Borno da Kudu, ga Tera da Bolawa da Waja da Tangale na ƙasar, Bolari da Jekadafari da Tudun Wada da Pantami suka cika suka tumbatsa. Saurayin da ya sami kuɗin hannunsa ba ya jiran gandun ubansa ya yi masa aure, sai ya kama ɗakin haya ya ajiye amaryarsa a cikin mutanen da ba su san asalinta ba, goggonta kuwa tana can tafiyar yini guda. Kiristocin garin, waɗanda mishan ɗin SIM ya shiga ƙasarsu ta Kaltungo tun wajen 1917, sun sami madadin dangi a wurin fasto da dattawan ikilisiya da ƙungiyar Zumuntar Mata. Musulmi kuma suka ƙara jingina ga malamai.

Daga nan sai hukuma ta janye sandar daga hannun masu ita. Dokar kotunan yanki ta 1967 ta cire alƙalai daga ƙarƙashin En'e ta mai da su ma'aikatan gwamnati, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya bar wa mai unguwa da dagaci girma ba tare da iko ba, ta yadda wanda aka kira zaure yana iya ƙin zuwa ba abin da zai same shi. A shekarar nan ta 1976 aka buɗe ilimin firamare na kowa da kowa, yara suka fara sanin abin da iyayensu ba su sani ba, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta ambaci a sa malamin ba da shawara a makarantu, ko da yake a yawancinsu aikinsa bai wuce taimaka wa ɗalibi zaɓen darussa ba. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, da makarantun Islamiyya na matan aure da suka yawaita bayanta, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, sun fito da wata sabuwar mai shiga tsakani, wato malama, wadda ba dangi ba ce, amma tana da aya da hadisi a bakinta, har mace ta iya ce wa mijinta, "Malam, ba ni na faɗa ba, littafi ne ya faɗa."

Rediyo ne ya fara koya wa jama'a kai kuka ga wanda bai san su ba. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 mutane suka saba sauraron malamai daga nesa, irin su Shaihu Abubakar Gumi da Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, haifaffen Nafada, suka kuma saba aika tambaya a wasiƙa ko a 'yar takarda wadda alaramma zai karanta ba tare da ambaton suna ba. Bayan Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, wayar salula kuma ta shigo Nijeriya a 2001, sai tashoshi irin su rediyon jiha da Progress da Amana suka buɗe layi, mace tana tsakar gidanta ta bugo ta ce wata ƙawarta ce ke tambaya, kowa kuwa ya san ita ce. Wa'azin Shaihu Kabiru Gombe a kan zaman iyali ya zaga Arewa duka, daga kaset zuwa faifai zuwa katin waya, abin da ya nuna irin ƙishin da ake yi wa wannan magana.

Ita kuma masifar da ke shiga gidaje ta sauya kama, ta zo da abin da kakanni ba su tanadi maganinsa ba. Tun wajen zaɓen 2003 aka ga 'yan kalare, samarin da 'yan siyasa suka ba wa kuɗi da ƙwaya da adda, har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto a kansu a 2007, uba kuwa ya wayi gari yana tsoron ɗan da ya haifa. Shan maganin tari mai kodin ya shiga har ɗakunan mata, sai da gwamnatin tarayya ta hana shi a watan Mayu 2018 bayan binciken da BBC ta yi. Rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, yawancinsu ba a sansani suka zauna ba, gidajen 'yan'uwa da ɗakunan haya suka raɓa, da marayu da zawarawa da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Annobar korona ta 2020 kuma ta rufe makarantu watanni, ta tsuke samu, ta haɗa iyaye da 'ya'ya a ɗaki ɗaya dare da rana.

A wannan hali ne nasiha ta koma cikin waya gadan-gadan. Mafi yawanta ba ta masana ba ce. Saƙon murya ne ake tura wa malami ta WhatsApp a jira fatawa, ko kuwa doguwar wasiƙa ce ake aika wa masu shafuka a Facebook da Instagram, irin shafin Northern Hibiscus na Aisha Falke, wasiƙar da kusan kullum take farawa da "Anti, don Allah a ɓoye sunana," sai a baza ta ga dubban mutane kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ba na cikin masu raina wannan, domin a nan ne aka fara jin abin da zaure ya shekara 100 yana dannewa: yarinyar da mijin uwarta ke nema, matar da mijinta ya daina ciyarwa, saurayin da ya yi tunanin kashe kansa. Sutura ce ta buɗe bakinsu. Illa iyaka mai ba da amsar bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, bai san ko mai wasiƙar ta rage ko ta ƙara ba, ba shi da ikon kiran kowa, ba kuma zai dawo bayan mako ya ga yadda aka kwana ba. Misalinsa misalin tela ne da ya yanka riga bai auna mai ita ba. Suturar ma ba cikakkiya ba ce, tun da a ƙarshen 2020, lokacin da ɗan garin nan Shaihu Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, ga shi kuma hoton saƙo ba ya wuyar ɗauka, muryar da aka tura cikin fushi kuwa tana nan a ajiye, ana iya kunna wa wanda aka yi maganar a kansa.

Masanan na haƙiƙa kuwa kaɗan ne ainun. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, a Gombe kuwa wanda ke bukatarsu sai ya nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko ya wuce asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri ko na Kaduna, ga kuma tsoron kada maƙwabci ya gan shi a layin ya ce gidansu da hauka. Nan ne amfanin waya ya fito fili, domin ta ɗauke kuɗin mota da idon jama'a a lokaci guda. Ƙungiyoyi irin su MANI da She Writes Woman, waɗanda aka kafa a 2016, sun buɗe hanyoyin sauraron masu damuwa daga nesa, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma ta buɗe layin kira na kyauta a 2022 saboda masu shaye-shaye da iyayensu. A shekarar ta 2022 ɗin aka yi dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar ba da shawara rajista, a watan Janairu 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sai dai galibin wannan hidima da Ingilishi ake yin ta, daga Legas ko Abuja, da kuɗin da ya fi ƙarfin mai sayar da hatsi a kasuwa, masanin da bai san kunyar ɗan fari ba kuwa yana iya ce wa yarinya ta zaunar da ubanta ta gaya masa yadda take ji, shawarar da a gidaje da yawa na Gombe ba abin da za ta haifar sai mari.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta yaron da bai kai shekara 18 ba. A yawancin gidaje wayar ta uwa ce ko ta yaya, da ita yake aika kokensa da dare ya goge kafin gari ya waye, ladubban sana'ar kuwa sun ce ba a ci gaba da kula da ƙaramin yaro sai da yardar waliyyinsa, alhali sau da yawa waliyyin shi ne abin da ake kuka da shi. In masani ya nemi izinin uba, ya tona asirin da aka ba shi amana. In ya yi shiru, ya zama yana renon ɗan wani a ɓoye, abin da shari'a da al'ada duka ba su yarda da shi ba. Mafitar da na ga ta fi kusa da hankali ita ce ya tambayi yaron wane ne a danginsu ubansa yake jin nauyinsa, ya nemi iznin yaron ya kira wannan mutum, ko da yana Dukku ko Kumo ko Bajoga, su uku su daidaita abin da za a faɗa wa uban da abin da za a bari, sa'an nan a sa ranar da za a sake bugo waya a ji yadda aka yi.